Hoton Aro da Kwabon Kaka

'Yan'uwa, a hutun jami'a kakata a Dungas ta ba ni kwabo mai huji na zamanin Ingilishi, in sayar wa masu tara tsofaffin kuɗi ta Facebook. Rubutunsa ya dushe, sai na ɗauko hoton wani mai sheƙi daga intanet. Zuciya ta ce ai iri ɗaya ne.

Amma mai saye lafiyar kwabon yake biya, kuma hoton ne idonsa. Annabi (SAW) ya tsawata wa mai abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa. Hoton aro ma algus ne.

Na goge shi, na ɗauki hoton namu, farashi ya faɗi. Na ci gaba da wuridina ba nauyi a zuciya. Allah ya daidaita zahirinmu da baɗininmu.