Wasiƙar Shaida A Hannun Mai-Tafiya

Karatu: Romawa 16:1-2, Irmiya 29:4-7.

Akwai wata al'ada ta ekklesiyar farko wadda muka sake, lokaci kuwa ya yi da za mu koma gare ta. A zamanin manzanni, sa'anda mai-bi ya tashi daga garinsu za shi wata ƙasa, dattawa su kan ba shi wasiƙa ya kai wa masu-bi na can. Haka Bulus ya yi wa Fibi, mai-hidima a ekklesiyar Kankiriya, da za ta Roma. Abu biyu ya roƙa dominta: a karɓe ta kamar yadda ya dace da tsarkaka, a kuma tsaya mata cikin kowace bukata da ta taso. Ku lura da na biyun. Gaisuwa a bakin ƙofar majami'a ba ta isa ta cika shi ba.

Mu da ke zaune a Tarauni da Gyadi-Gyadi wannan magana ta shafe mu ƙwarai. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, yana nan kan hanyar Zariya, masu-aikin jiyya kuwa suna da yawa cikin ekklesiyoyinmu. Tun da Ingila ta buɗe bizar ma'aikatan lafiya a 2020 mu ke ta yin addu'ar sallama, yau wannan, gobe wancan. Waɗansu sun nufi Ingila, waɗansu Kanada ko Saudiya. Ko a 2023, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafta ƙasashe 55 masu ƙarancin ma'aikatan lafiya, Nijeriya tana ciki. Wannan abin baƙin ciki ne ga marasa-lafiyarmu, amma ba za mu ce tafiya zunubi ce ba. Ibrahim ya bar Ur, Rut ta bar Mowab, Ubangijinmu kansa ya yi gudun hijira a Masar yana jariri.

Amma fa kada hotunan da a ke aikowa ta waya su ruɗe mu. Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu. Mutumin da ya girma da ranar Kano ya kan iske duhu ya rufe tun wajen ƙarfe huɗu na yamma a watan Disamba. Kuɗin haya ya kan cinye babban rabo na albashi. Maƙwabci ba ya leƙowa, babu goggo ko kaka da za a bar wa yara idan aikin dare ya faɗo. Bizar aiki kuma a ɗaure ta ke da mai-ba da aikin: idan gwamnati ta karɓe izininsa, yawanci kwana 60 a ke ba ma'aikaci ya sami wani, in ba haka ba ya bar ƙasar. Wanda ya tafi Saudiya kuwa ya sani tun daga gida cewa babu ginin majami'a a ƙasar, sai Littafinsa da addu'arsa a ɗaki.

Abin da ya fi dukan waɗannan nauyi shi ne kunya. An sayar da gona a ƙauye, an ci bashi, an yi walima. Ta yaya zai buɗe baki ya ce yunwa ya ke ji? Sai ya yi shiru, gida kuwa kowa yana miƙo hannu, har mu masu-aikin Ubangiji mu kan tuna da shi ne kaɗai sa'anda za a sa kwanon rufi. A wurin nan ne bangaskiyar mutane da yawa ta kan yi sanyi, aure kuma ya kan tsage. Tun watan Maris 2024 Ingila ta hana sababbin masu-kula da tsofaffi su tafi da iyalinsu. Miji yana can, mata tana nan, ko kuwa mata can, miji nan, shekara tana bin shekara. Kada fasto ya sa albarka ga irin wannan tafiya tun bai zauna da su biyu ya tambaye su ranar haɗuwa ba.

Taimako na fari ana yinsa ne tun ba a ɗaura kaya ba. Bari mai-niyya ya kawo takardunsa gaban dattawa, a nemi wanda ya san aikin ya duba. A watan Yuli 2025 Ingila ta rufe ƙofar ɗauko sababbin masu-kula da tsofaffi daga waje. Saboda haka duk dillalin da ya ce zai sayar maka da wannan biza, maƙaryaci ne. Wanda ya ce yarinya ta ba shi fasfonta ya riƙe, ko ya yi maganar hanyar Agadas zuwa Libiya, a kai labarinsa ga hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003 domin yaƙi da fataucin mutane.

Sa'an nan a rubuta wasiƙar. A nemi ekklesiya mai-riƙon Maganar Allah a garin da za shi, a aika da sunansa tun bai tashi ba. Waɗanda suka riga shi zuwa su tarye shi a filin jirgi, su ba shi wurin kwana na 'yan makonni da rigar sanyi, su nuna masa kasuwa mai araha da wurin rubuta suna a gun likita. Akila da Biriskilla korarru ne daga Roma bisa ga umurnin Kaisar Kalaudiyus, duk da haka su ne suka ba Bulus masauki da aikin ɗinkin tanti a Korinti. Mu na gida kuma kada mu share sunansa daga littafin ekklesiya. A sa dattijo ɗaya ya riƙa kiransa kowane wata, ba domin kuɗi ba. Zumuntar mata kuwa ta lura da iyalin da ya bari.

Ku kuma da ke can, Irmiya ya rubuta wa kamammu a Babila su gina gidaje, su yi lambuna, su nemi lafiyar birnin, su yi masa addu'a. Ku yi aikinku da gaskiya, ku shiga ekklesiyar wurin ko da waƙarsu ba ta yi muku daɗi ba. Amma ku ajiye kuɗin komowa. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa-takarda mako biyu su bar Gana, Hausawan zango da yawa suka dawo da abin da kai ya iya ɗauka. Mu ma a 1983 mun yi wa mutanen Gana haka. Ɗalibanmu na Sudan kuwa a 2023 yaƙi ne ya fito da su.

Akwai kuma baƙin da Allah ya kawo ƙofarmu. Kowace rana mutane suna zuwa daga Jigawa, da Katsina, har daga Damagaram da Maraɗi, jiyyar 'yan'uwansu, ba su san kowa a Kano ba. Ga masu-bautar ƙasa daga kudu waɗanda ba su jin Hausa. Bari kowace ekklesiya ta zaɓi mutum biyu, namiji da mace, waɗanda za su riƙa tambayar baƙo ran Lahadi inda ya kwana, da abin da ya ci, su kuma kawo labari a taron dattawa na wata.