Rinin Tufafi Da Haƙƙin Maƙwabci

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya suturta ɗan Adam, ya kuma ƙawata duniya da launuka iri iri. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, duk wanda ya halarci masallacin Juma'a ko filin Idi, ya ga sahu bayan sahu na jama'a cikin shuɗi da kore da ruwan ƙwai da ruwan hanta, zai san lalle tufafi ni'ima ne babba. A Suratul A'arafi, aya ta 26, Allah Maɗaukakin Sarki ya ambaci tufa cikin abubuwan da ya yi wa 'yan Adam baiwa da su, domin rufe al'aura da kuma ado. A aya ta 31 ta wannan sura ya umurce su da su yi adonsu a duk lokacin da za su masallaci, sa'an nan a cikin ayar nan ɗaya ya hana su almubazzaranci. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fi son fararen tufafi, amma duk da haka an gan shi da jan mayafi, an gan shi da koraye, kuma ya shiga Makka ranar da aka buɗe ta da baƙin rawani. Saboda haka rini halal ne, sana'arsa kuwa halal ce, babu mai ja da wannan. Abin da ya kamata a tsaya a duba shi ne cutar da ke biyo bayan rinin zamani, da kuma wanda take sauka a kansa.

Yadda rini yake a da

Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce ga wannan sana'a. Marinar Ƙofar Mata a birnin Kano ana danganta kafa ta da shekarar 1498, kuma a 1851, sa'ad da Bajamushen nan Barth ya zo Kano, ya tarar da rinannun tufafinta suna kaiwa har Tumbutu da Tarabulus. Turkuɗin Kura kuwa ya yi suna a wurin Buzaye har cikin Sahara. Marini na wancan zamani baba yake nema, da toka, da katsi, ya haɗa su da ruwa cikin rijiyar rini, ya bar su kwanaki har su nuna. Ba ya hura wuta a ƙarƙashin rijiya. Yakan tsoma zane ya ɗaga, iska ta buga shi shuɗin ya fito, ya sāke tsomawa, in ya gama ya shanya a rana, daga nan sai mabuga. In ruwan rini ya mutu, akan kwashe abin da ya kwanta a ƙasa a ƙone shi, a yi laso da shi a shafe soraye da rijiyoyi. Akwai wari, akwai wahala, amma cutar ba ta wuce unguwa ba.

A 1856 wani saurayi a Ingila mai suna William Perkin ya fitar da launi daga kwaltar gawayin ƙasa, kuma a 1897 wani kamfani a Jamus ya fara sayar da shuni wanda ba daga ganyen baba ya fito ba. Tun daga nan rini ya bar hannun marina ya koma manyan ma'aikatu. Yau mafi yawan launin da ke jikin atamfa da shadda da leshi daga man fetur da kwal ake samo shi.

Cuta ta bayyane da ta ɓoye

Cutar rinin zamani iri biyu ce. Ta farko ita ce wadda ido ke gani, watau ta ruwa. Kafin a rina kilo ɗaya na yadi, a wanke shi, a ɗauraye shi, sau da yawa akan kashe ruwa lita 100 ko fiye. Wannan ruwa yakan fito ɗauke da ragowar launi da gishiri da soda da waɗansu magunguna masu guba. In ba a tace shi ba, kogi ne makomarsa. A garin Tirufur na ƙasar Indiya, ruwan ma'aikatun rini ya ɓata kogin Noyyal har gonaki suka daina ba da amfani. Manoma suka kai ƙara, kuma a 2011 Babbar Kotun Madaras ta ba da umurnin rufe ma'aikatun rini fiye da 700 har sai sun daina zubar da ruwansu cikin kogi. Kogin Buriganga da ya ratsa Daka, babban birnin Bangaladash, da kogin Citarum na Indunisiya, duka a ƙasashen Musulmi suke, kuma duka sun sha wannan masifa. A gida ma, zamanin da masaƙun Kakuri ke aiki ba dare ba rana, tun daga buɗe ta farko a 1957, magudanu sun riƙa kai ruwa mai launi zuwa kogin Kaduna. A Kano kuwa ruwan majemu da masaƙu na Bompai da Sharaɗa da Chalawa ya daɗe yana gangarawa rafukan da masu lambu ke ban ruwa da su.

Ta biyu ita ce wadda ido ba ya gani, watau ta hayaƙi. Rinin zamani aikin wuta ne. Yadin auduga ana rina shi cikin ruwa mai zafin digiri 60 ko fiye, yadin roba kuwa, wanda ake kira foliyesta, ba ya karɓar launi sosai sai an kai shi wajen digiri 130 cikin rufaffiyar tukunya, alhali ruwa a digiri 100 yake tafasa. Kafin rini akwai dafawa da farantawa, bayan rini akwai wanki da ruwan zafi, sa'an nan busarwa da iska mai zafi. Duk wannan zafi daga tukwanen tururi yake fitowa, su kuwa kwal suke ci, ko baƙin mai, ko gas. Abin da suka ƙona yakan tashi sama ya zama iskar kabon, wadda ke taruwa a sararin samaniya tana tsare zafin rana, kamar yadda bargo ke tsare ɗumin jiki. Wani bincike da aka buga a 2018 ya ƙiyasta cewa, cikin dukan hayaƙin da sana'ar tufafi ke jawowa tun daga gona har kanti, rini da gyaran yadi su ne ke da kashi 36 cikin 100, watau sun fi kaɗi, sun fi saƙa, sun fi ɗinki. Sin da Indiya, inda ake rina kaso mai yawa na yadin da ke cika kasuwar Kantin Kwari, har yanzu da kwal suke samun mafi yawan wutarsu.

Abin da fiƙihu ya ce

Yaron da ya fara karatun Ahalari ko Ishmawi, tun a babin tsarki yake koyon cewa ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya jirkita da wani abu da ba a saba samunsa tare da shi ba, ba a yin alwala da shi, ba a wankan janaba da shi. To, kogin da ya wayi gari ja, ya yini shuɗi, ya fita daga hukuncin ruwa mai tsarkakewa. Wanda ya zuba rini a cikinsa ya hana mutanen ƙauye abin sha, ya kashe wa masunci kifi, har wa yau ya hana mai salla ruwan alwala. Abin mamaki ne mutum ya tsaya gaban Ubangijinsa cikin riga mai tsarki, alhali kuwa rininta ya raba wani ɗan'uwansa da ruwan tsarki. Buhari da Muslim sun ruwaito hanin yin fitsari cikin ruwa mai kwanciya, Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa yin bayan gida a mashayar ruwa yana cikin abubuwan da ke jawo wa mutum tsinuwa. In wannan ne hukuncin ƙazantar mutum ɗaya, ina ga bututun da ke kwarara dare da rana?

Game da hayaƙi ma malamai ba su yi shiru ba. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa hadisin da ya hana cuta da cutarwa, wanda malaman usulu suka mai da shi ɗaya daga manyan ƙa'idodin shari'a. A kansa ne Shehu Halilu, a cikin Muhtasar, ya bayyana cewa alƙali yana da ikon hana wanda ya ƙago abin da ke cutar maƙwabta da hayaƙi, kamar gidan wanka mai wuta, ko da wari, kamar majema. Malaman can sun yi magana a kan hayaƙin da ke tsallake katanga ya shiga gidan maƙwabci. Hayaƙin yau teku yake tsallakewa. Kwal ɗin da aka ƙona a wata nahiya yana cikin abin da ke ƙara zafin duniya baki ɗaya, masana kuwa sun tabbatar cewa ƙaruwar zafin nan tana tsananta fari a wani wuri, tana tsananta ruwan sama a wani wuri. Ambaliyar 2022 ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya, a shekarar nan kuma ta shafi mutum miliyan 33 a Pakistan. Ba rini kaɗai ya jawo wannan ba, amma yana da nasa kaso, kuma talakan da ruwa ya cinye gonarsa bai ci ribar ma'aikata ko ta kwabo ba. Illar da ta sa aka yi hukuncin farko ita ce cuta, kuma tana nan, sai ma ƙaruwa da ta yi. Suratur Rumi, aya ta 41, ta bayyana cewa ɓarnar da ke fitowa a tudu da ruwa sakamakon aikin hannuwan mutane ce, kuma ana ɗanɗana musu wani sashe nata ne domin su komo kan hanya.

Nauyin da ke kan kowa

Mai ma'aikata shi ne na farko. Ba a ce ya rufe ƙofarsa ba, domin dubban magidanta a nan suke samun abinci, kuma mutanen Kaduna da Kano sun ga irin halin da iyalai suka shiga sa'ad da masaƙu suka riƙa rufewa a shekarun 2000. Abin da ake nema gare shi shi ne ya rage cuta iyakar iyawarsa, hanyoyin kuwa sanannu ne. Akwai rinin sanyi, inda ake jiƙa yadin auduga da launi, a naɗe shi, a bar shi ya kwana ba tare da an dafa ba. Akwai zuba launi cikin narkakkiyar roba tun kafin a ja ta ta zama zare, yadda ba sai an sāke rina ta ba. Akwai karɓe zafin ruwan da aka gama aiki da shi a ɗumama sabo, da liƙe bututun tururi masu yoyo, da barin kwal a koma ga wutar rana. Akwai kuma tace ruwa kafin a sake shi. Wanda ya gina wurin tacewa domin idon ma'aikatan gwamnati, sa'an nan ya buɗe bututu cikin dare domin tsimin kuɗi, ya haɗa laifi biyu, cuta da ha'inci.

Ƙananan masu rinin shadda a cikin unguwanni su ma abin ya shafe su. Da yawansu sun bar baba sun koma rinin gwangwani da soda, suna tafasa ganguna da itace, suna zubar da ruwan a kwatar da yara ke wasa a bakinta, wadda kuma ke tsiyaya cikin rijiyoyin maƙwabta. Ya kamata su haɗa kai su nemi wuri na musamman da ramin tara ruwa. Hukuma kuwa wajibinta ne ta taimake su, ta kuma tsawata wa babba kamar yadda take tsawata wa ƙarami, domin tsare mutane daga cutar kasuwa da sana'a shi ne ainihin aikin hisba tun zamanin Sayyidina Umar.

Mai saye shi ma ba a bar shi a baya ba, domin ma'aikata ba ta rina abin da ba za a saya ba. An shiga zamanin da kowane biki sai an fitar da anko, a sa shi yini ɗaya a jefa ƙasan akwati. Ana gasar lefe har a tara turamen da mace ba za ta iya ɗaura su ba cikin shekara goma, ango kuwa ya shiga bashi. Manzon Allah yakan yi alwala da mudu ɗaya na ruwa, ya yi wanka da sa'i ɗaya, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito. Wanda shugabansa ya yi tsimin ruwa a wajen ibada bai kamata ya yi sakaci da tufar da aka kashe ruwa da wuta masu yawa kafin ta iso hannunsa ba. Ya sayi abin da yake bukata, ya zaɓi mai ƙarko, ya yi wa rigarsa gyara in ta yage, in ta koɗe ya kai ta marina a sabunta ta kamar yadda magabata ke yi, wadda ya daina sawa kuwa ya ba mabukaci tun tana da sauran amfani. Tufatar da matsiraici sadaka ce mai lada, ajiye tufa har asu ya cinye ta kuwa hasara ce duniya da lahira.

A Suratul Baƙara, aya ta 138, Allah ya kira addininsa da sunan rini, ya kuma bayyana cewa babu rinin da ya fi nasa kyau. Malaman tafsiri sun ce an kamanta imani da rini ne domin yana ratsa zuciya kamar yadda launi ke ratsa zare, har alamarsa ta bayyana ga mai shi. Alamar wannan rini ita ce maƙwabci ya kuɓuta daga cutar mutum, na kusa da na nesa, wanda ya sani da wanda ba zai taɓa gani ba. Rinin shadda yakan koɗe bayan wanki kaɗan, kuma komai tsadarta, a ƙarshe farin likkafani ne rabon mai ita, sai a tambaye shi yadda ya samu da yadda ya kashe.

Allah ya tufatar da al'ummar Musulmi da tufar taƙawa, ya tsare ta daga cutar da bayinsa, ya sanya albarka a ruwanta da ƙasarta da sana'o'inta. Amin.