Yawon Buɗe Ido: Kallo Ko Wa'azi?

Jama'a kan haɗa kuɗin mota su tafi Sakkwato, su ziyarci Hubbaren Shehu, su zarce Alƙalawa, su sha fura, su sayo kilishi. Shin wannan almubazzaranci ne? A'a, muddin an tafi da tunani, domin Alƙur'ani ya kwaɗaitar da tafiya cikin ƙasa don duba ƙarshen al'ummomin da suka shuɗe.

Alƙalawa ce babban birnin Gobir har masu jihadi suka ci ta a 1808, Sarki Yunfa ya halaka. Yau kufai ce. Wanda ya tsaya nan ya gane mulki aro ne, ya ci ribar tafiyarsa. Wanda ya komo da labarin kilishi kaɗai kuwa, cikinsa ne ya yi tafiya. Allah Ya sa a lura, amin.