Hannu ya canza, zuciya ba ta canza ba: wannan ma riba ce?



'Yan uwa, tambaya ce nake so mu tattauna yau. Mutumin da yake yi maka adalci, ba ya cin haƙƙinka ko na sisin kwabo, amma ka sani ya sani cewa a zuciyarsa ba ya ƙaunarka, shin adalcin nan nasa yana da daraja? Ko kuwa munafunci ne aka yi wa kwalliya? Abin da ya tayar min da tambayar wani bincike ne na ilimi da aka yi a nan Kaduna, a kan samarinmu, wanda na lura yawancinmu ba mu ma taɓa jin labarinsa ba.

Bari in fara da abin da duk ɗan Kaduna ya sani, saboda masu karanta mu daga nesa. Kogin Kaduna ya raba garin gida biyu. A da ruwa ne kawai da ake tsallakawa a je aiki a dawo. Bayan rikicin shari'a na watan Fabrairu da Mayu na 2000, wanda ƙungiyar Human Rights Watch ta ce aƙalla mutum 2,000 suka rasu a cikinsa, da rikicin gasar sarauniyar kyau na Nuwamba 2002 da ya ci kimanin mutum 250, sai kogin ya koma iyaka. Musulmi suka kwashe kaya suka nufi Tudun Wada da Rigasa da Kawo. Kiristoci suka tsallako Sabon Tasha da Television da Narayi da Unguwar Romi. An sayar da gidaje da araha, wasu ma musanya suka yi. Mu da muka rage kudu da kogi, a irin su Makera da Kakuri da Nasarawa da wasu sassan Barnawa, mun san yadda ake zama kunne a buɗe, musamman lokacin zaɓe. Yaron da aka haifa a shekarar rikicin farko yanzu magidanci ne, kuma yana iya yiwuwa bai taɓa zama a benci ɗaya da wanda ba addininsu ɗaya ba.

To, a ƙarshen 2014 wasu mata biyu masu bincike a fannin siyasa, Alexandra Scacco da Shana Warren, suka gudanar da wani gwaji a garin nan. Sun zaɓo samari 849, Musulmi da Kirista, daga unguwannin talakawa da suka sha fama da rikici. Ta hanyar ƙuri'a aka ba kaso mafi yawa gurbin koyon kwamfuta na mako 16, sauran ba a sa su a aji ba, don a samu abin kwatantawa. Su ma waɗanda suka shiga aji ƙuri'a ce ta raba su: wasu azuzuwan gauraye, wasu kuma 'yan addini ɗaya zalla. Ba a yi musu wa'azin zaman lafiya ba, kwamfuta kawai aka koya musu. Da aka gama sai aka auna abu biyu. Na farko, me saurayin yake ɗauka a ransa game da mutanen ɗaya addinin. Na biyu, me hannunsa yake yi: a ba shi kuɗi na gaske, a ce ya raba tsakaninsa da wani da bai sani ba, wanda sunansa kaɗai aka faɗa masa. Kun san a ƙasar nan suna ya isa bayani. Sakamakon ya fito a 2018 a mujallar American Political Science Review.

Ga abin da suka gano. Mummunan zato bai ragu ba. Bayan wata huɗu ana zama tare, abin da saurayi yake ɗauka game da waɗancan yana nan yadda yake. Amma wajen rabon kuɗi, 'yan aji gauraye sun nuna bambanci ƙasa da na 'yan ajin addini ɗaya, kuma tazarar ba ƙarama ba ce.

Akwai wani ɓangare na sakamakon da ya fi tsaya min a rai, kuma shi ne ba a cika faɗa ba. Da aka kwatanta da samarin da ba su shiga aji ba sam, sai aka ga 'yan aji gauraye kusan suna inda suke tun farko. Waɗanda suka motsa su ne 'yan ajin addini ɗaya, kuma wajen ƙarin fifita nasu suka motsa. Wato an tara samari a kan abu mai kyau, ilimi kyauta, babu mai zuga su, babu mai zagin kowa, amma zaman da suka yi su kaɗai ya sa hannunsu ya ƙara karkata. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Na san abin da wasu za su fara rubutawa a ƙasa: Malam, ai binciken Turawa ne, su da ba su son mu da alheri. Ɗan uwa, ni ma ba na karɓar magana don kawai ta fito da Turanci. Amma hanyar ƙin bincike ita ce ka nuna inda awon ya kuskure. Malaman hadisi ba su taɓa jefar da ruwaya don garin mai ruwayar bai yi musu ba, duba shi suke yi, su gwada maganarsa da ta wasu. Kuma wannan sakamakon bai ma yi wa masu shirya tarukan zaman lafiya daɗi ba. Tun 1954 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Gordon Allport, ya yaɗa ra'ayin cewa cuɗanya tana rage ƙiyayya, kuma a kan wannan ra'ayi ake kashe kuɗi masu yawa. Sai ga Kaduna ta ce a'a, zuciya ba ta juyawa da sauri haka. A Iraƙi ma wata mai bincike, Salma Mousa, ta haɗa Kiristocin da ISIS ta kora daga garuruwansu da Musulmi a ƙungiyoyin ƙwallo, ta ga mu'amalarsu da abokan wasansu ta gyaru, amma gyaran bai kai ga sauran Musulmin da ba su sani ba. Mai neman yaudararmu da labari mai zaƙi zai zo, ba wannan ba.

Yanzu ga tambayarmu. Idan zuciya ba ta canza ba, me aka samu?

Akwai masu cewa ba a samu komai ba. Hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa aiki yana tafiya ne da abin da ke zuciya, kuma adalcin da babu ƙauna a ƙarƙashinsa kamar ginin da babu tubali mai ƙarfi ne, ranar da aka ji ƙarar bindiga ta farko zai rushe. Suna kuma da misali a unguwarmu. Masaƙun Kakuri, daga Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957 zuwa Arewa Textiles da UNTL, sun haɗa dubban ma'aikata daga kowace ƙabila da addini, shekara da shekaru a kan inji ɗaya, a ƙungiyar ƙwadago ɗaya. Duk da haka 2000 ta zo, kuma kudancin garin bai tsira ba. Wannan gaskiya ne, ba zan kauce mata ba.

Amma ni a fahimtata sun ɗora wa adalci sharaɗin da shari'a ba ta ɗora masa ba. Ku je ku karanta aya ta 8 a Suratul Ma'ida da tafsirinta. Ayar ta san akwai ƙiyayya, ta ambace ta, ba ta jira ta gushe ba kafin ta wajabta adalci. Malamai suna kawo labarin Abdullahi ɗan Rawaha, Allah ya ƙara masa yarda, lokacin da Annabi (SAW) yake aika shi Khaibar ya ƙiyasta dabino don a raba tsakanin Musulmi da Yahudawa. Bai ɓoye musu cewa ba ya son su ba, ya kuma tabbatar musu hakan ba zai sa ya tauye musu komai ba. Malaman tarihi kuma suna kawo abin da ya gudana tsakanin Sayyidina Umar da mutumin da ya kashe ɗan'uwansa Zaidu a yaƙin Yamama, wanda daga baya ya musulunta. Umar ya gaya masa ƙiri-ƙiri ba ya ƙaunarsa. Mutumin ya tambaya ko hakan zai hana shi wani haƙƙi nasa, Umar ya ce ba zai hana ba. Wa zai kira wannan munafunci? Munafuki shi ne mai nuna maka fuskar da ba tasa ba. Wanda ya san abin da ke ransa, ya kuma hana hannunsa bin sa, jihadin zuciya yake yi, kuma ya fi wahala a kan yi wa masoyi adalci. Kowa ai yana iya cika wa abokinsa mudu.

Sannan ku duba ta fuskar wanda ake yi wa. Matar da ta zo sayen hatsi, ko yaron da ɗan sanda ya tare a shinge, ko majinyacin da ke layin ganin likita, ba su da hanyar leƙa zuciyar kowa. Abin da ke isa gare su shi ne mudun da aka auna, da layin da ba a tsallake su ba. Ni da ke zaune inda muke 'yan tsiraru, wallahi ba na kwana ina tunanin ko maƙwabcina yana ƙaunata. Abin da nake buƙata a wurinsa shi ne ranar da gari ya rikice kada ya nuna ƙofata. Na tabbata Kiristan da ya rage a arewacin kogi abin da yake buƙata a wurinmu kenan. Idan muna neman wannan a nan, da wane baki za mu hana shi a can?

Game da masaƙu kuwa, amsata ita ce cuɗanya ba ta taɓa zama madadin hukunci ba. Rahoton da Human Rights Watch ta fitar a 2003 kan rikicin 2002, jigonsa kenan: ana kisa, ba a hukunta kowa. Inda mai kisa yake yawo a unguwa kowa ya san shi, babu ajin kwamfutar da zai riƙe gari. Kuma ku lura, masaƙun nan sun durƙushe ɗaya bayan ɗaya, UNTL ta rufe a 2007, suka tafi da wurin da ya fi kowane haɗa mutanen garin. Ita Scacco ɗin a wani bincikenta na baya kan waɗanda suka shiga tarzoma a Kaduna da Jos, ta nuna talauci yana ƙara yiwuwar saurayi ya fita, musamman idan yana cikin zaman majalisar unguwa da ke iya jan sa. Ba sai an gaya wa ɗan Kakuri yawan samarin da ke zaune ba aiki ba.

Bari in dawo kan abin da na ce ku riƙe, don a nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye, mu masu wa'azi da masu sauraro. Rayuwar saurayinmu a yau kusan duk ajin addini ɗaya ce. Unguwarsa, makarantarsa, majalisarsa, zauren WhatsApp ɗinsa, har wannan shafin da kuke karantawa. Kada wani ya yanke maganata ya ce na soki Islamiyya ko zaman masallaci. 'Yan'uwantakar Musulunci wajibi ce, kuma ba na kiran kowa ya haɗa aƙida da aƙida, kowa da addininsa. Abin da nake cewa shi ne, idan binciken nan ya yi daidai, to ba sai malami ya zagi kowa ba kafin almajiransa su karkata. Shirun da ya yi a kan haƙƙin wanda ba ya cikin zauren ya isa. Mu tambayi kanmu, a cikin karatun shekara guda, sau nawa muke karantar da haƙƙin maƙwabcin da ba Musulmi ba da irin zafin da muke karantar da sauran babuka? Alhali Annabi (SAW) ya rasu sulkensa yana jingine a wurin Bayahude saboda abincin da ya karɓa wa iyalinsa. Ciniki da bashi da amana suna gudana a Madina tsakanin mutanen da aƙidarsu ba ta haɗu ba.

Binciken yana da iyakarsa. Maza ne kawai, samari, wata huɗu ne, kuma raba kuɗi a takarda daban yake da tsayawa gaban gungun masu adda. Jami'o'inmu suna nan, Jami'ar Jihar Kaduna tana cikin gari, Arewa House tana nan, Zariya ba nisa. Ɗalibanmu masu neman abin rubuta digiri su ɗauki tambayar su faɗaɗa ta, su shiga kasuwa da gareji da asibiti, su auna da kansu. Wanda bai yarda da awon wani ba, ya kawo nasa mudun.

Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, da suka kafa cibiyar sasanci a garin nan, kowannensu ya yi rashi a rikicin 1992, ɗaya ya rasa malaminsa da 'yan uwansa, ɗaya ya rasa hannu. Su da bakinsu sun sha ba da labarin cewa sun fara aiki tare zukatansu ba su gama hucewa ba. Da sun ce sai zuciya ta wanke tas za su zauna a tebur ɗaya, da ba a ga hannunsu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna da shugabannin addinai suka sa wa hannu a Agusta 2002 ba.

Ina da roƙo ɗaya ga masu gareji da shagunan ɗinki da walda da gyaran waya a cikinku, ko kuna kudu ko kuna arewa. Idan za ku ɗauki yaran koyon sana'a bana, kada sunan yaro ya zama dalilin mayar da shi. Kuma wanda ya riga ya gwada haka a wurin sana'arsa, ya rubuto mana a ƙasa yadda ta kaya, mai daɗi da marar daɗi, ba tare da ambaton sunan kowa ba.