Ƙari: Ci Gaba Ne Ko Kaya?

Ga wata tambaya: shin daidai ne gwani ya ƙara abu mai amfani a cikin kayan jama'a, alhali wasu ne za su ɗauki nauyinsa? Bari mu auna ta da labarin Java, watau harshen rubuta manhajar kwamfuta wanda kamfanin Sun na Amurka ya fitar a 1995.

A 2006 waɗansu gwanaye huɗu, cikinsu har da James Gosling da ya ƙago harshen, suka ba da shawarar a ƙara masa abin da za mu kira ƙunshin aiki. Shi ƙunshi guntun umarni ne da ake miƙa wa wani sashe na manhaja, ya tafi da bayanan da ya tarar a inda aka rubuta shi, kamar matafiyi da guzurinsa. Dabarar ba sabuwa ba ce, domin harshen Scheme na da ita tun 1975. Amfaninta kuwa a fili yake, tana gajarta rubutu ƙwarai.

Amma wani gwanin, Joshua Bloch, bai yarda da fasalin shawarar ba. Hujjarsa ita ce, gyaran da aka yi a 2004 ya riga ya jibga wa harshen ƙa'idoji masu wuyar ganewa. A ganina ya taɓo gaskiya. Gwani ba ya jin nauyin sabuwar ƙa'ida, sai ɗan koyo, da wanda zai gaji manhajar bayan shekara goma. Kuma ƙari a harshe zarar bunu ne: da zarar jama'a sun yi gini a kansa, cire shi rushe musu aiki ne.

Wani zai ce ai ƙin ƙarin ma zalunci ne, tunda an bar mutane suna dogon rubutu a banza. Haka ne. Shi ya sa ba a tsaya kan ƙi ba. A 2014 aka shigar da ƙunshin cikin Java 8, amma da takunkumi: an hana shi ɗaukar bayanin cikin aiki wanda ake sake wa ƙima. An rage wa gwani iko domin a sauƙaƙa wa na baya.

Saboda haka amfani kaɗai bai isa hujja ba. Duk mai son ƙari, a harshe ne ko a dokar ƙungiya, wajibi ne ya fara tambayar wa zai ɗauki kayan, kuma ko wuyansa zai iya.