Wa Ke da Alhakin Ƙaryar Mota Miliyan 11?

A watan Satumba na 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta tona asirin Volkswagen. Kamfanin ya dasa wa motocinsa masu shan dizal wata manhaja da ke gane lokacin gwaji. In ana gwada mota sai ta kame, hayaƙi ya fito daidai ƙa'ida. Da ta hau kwalta sai ta saki jiki, gubar ta ninka abin da doka ta yarda har kusan sau 40. Kamfanin da bakinsa ya ce motoci wajen miliyan 11 ne.

A kasuwar Dawanau, in mai awo ya buge gindin mudu, an san shi, an san rumfarsa, kuma duk ɗan makarantar allo ya san abin da Suratul Muɗaffifina ta tanadar masa. To Volkswagen fa? Gida ne mai ma'aikata sama da dubu 600, yana sayar da motoci wajen miliyan 9 a shekara. Audi nasa ne, haka Porsche da Škoda da Bentley. Wuyan wa za a riƙe?

An ci kamfanin tara da diyya, abin ya haura yuro biliyan 30. Ni dai wannan bai kwantar mini da hankali ba, don kuɗin daga asusun gida suka fita, har da rabon mai ɗaure noti a masana'antar kamfanin da ke Wolfsburg wanda bai ji ba bai gani ba. Shugaban kamfanin, Martin Winterkorn, ya sauka. A 2017 kotun Amurka ta ɗaure injiniya James Liang wata 40, manaja Oliver Schmidt shekara 7.

Wasu za su ce injiniya umarni ya bi, ga matsin cinikin Amurka, ga iyali a gida. Na yarda uzuri ne, yana iya rage nauyi, amma ba ya mayar da shi kan wani. Kamfani ba ya shiga kabari, ba a yi masa tambaya. Wani ne ya rubuta manhajar nan da yatsunsa, wani ya sa hannu, wani ya ga sakamakon gwaji ya rufe fayil ya tafi cin abincin rana. A ganina girman gida bai narkar da laifin ba, rarraba shi ya yi ƙanana-ƙanana har kowa ya ga nasa bai kai a kira shi ƙarya ba. Shi wanda ya rufe fayil ɗin nan ya fi damuna, don irinsa sun fi yawa, kuma da wuya kotu ta san sunansa.