Kayana Ne, Ina Ruwan Wani?

Na san wata za ta ga na ɗauko zancen mota ta ce to mu kuma ina ruwanmu da sifana da baƙin mai, ai wannan harkar maza ce. Ki yi haƙuri 'yar uwa ki bi ni zuwa ƙarshe, domin ko ba ki taɓa riƙe sitiyari ba, ke ce a kujerar gaba, 'ya'yanki ne jere a baya. Tambayar da ke cina ita ce: wai don mutum ya sa kuɗinsa ya sayi abu, shi ke nan ya sami ikon yi masa duk yadda ya ga dama?

Yawancinmu mun san irin wannan maigidan. Ya sayo 'yar Kwatanonsa, ran Asabar da hantsi ya tuɓe riga ya buɗe bonet, waya a hannu yana kallon yadda wani Bature ke gyara tasa. In kin ce, "Yallaɓai, da dai an kira bakanike," sai ya ce, "Ke me kika sani? Motata ce." Gaskiyarsa, tasa ce. Sai dai takardar ciniki ba ta zuwa da sanin gyara, kuma Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Kurakuran sabon shiga ba ɓoyayyu ba ne. Mota ta yi zafi, sai ya yi wuf ya murɗe murfin lagireto, alhali ruwan ciki a matse yake, zafinsa ya wuce na tafasasshen ruwan tukunya, yana buɗewa ya yi tsiri ya wanke masa fuska. Ko ya zuba baƙin mai ya zarce alamar da ke jikin sandar awo, wai mota ta ƙoshi, bai san in man ya yi yawa inji kaɗa shi yake yi ya yi kumfa ba, kumfa kuwa ba ta hana ƙarfe cin ƙarfe. Ko ya zo cire batir ya fara da kan mai alamar tarawa, sifana ta taɓa jikin mota wuta ta yi tartsatsi, bayan mai alamar ɗebewa ake fara kwancewa. Mafi muni shi ne ya ɗaga mota da jak kaɗai ya shige ƙarƙashi, jak ɗin da aka yi don canza taya, yana gocewa sai dai wani labarin.

Waɗannan duk, in sun faru, jikinsa da aljihunsa ne za su ji. Akwai kuma wasu da mai yin su ba shi kaɗai zai biya ba, su ne suka sa na ɗauki biro. Fiyus ya ƙone, sai a naɗa waya a madadinsa, alhali an yi fiyus ne don ya tsinke ya fanshi mota, in ya kasa tsinkewa wayoyin ne za su kama da wuta. Man birki ya yi ƙasa, sai a cika da ruwa da omo. Man birki mai lamba DOT 3, sabonsa ba ya tafasa sai zafi ya haura digiri 200, ruwa kuwa a 100 yake tafasa, to a gangare in birki ya ɗau zafi, sai a taka a ji ƙafa ta tafi ƙasa fayau. A sa fitila mai kashe ido, direban da ke tahowa ya makance na ɗan lokaci. A cire abin nan na cikin salansa da ake kira indomi a sayar, shi kuwa aikinsa rage dafin hayaƙi, sai mai talla a bakin titi ta shaƙa.

Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, mutane suka raja'a kan mayar da mota mai shan gas. Abu ne mai kyau in gwani ya yi da tukunyar da aka ƙera don haka. Amma matsin iskar da ke cikinta ya ninka na tukunyar girkinmu fiye da sau goma. A watan Oktoba na 2024 wata mota ta tarwatse a gidan shan gas a garin Benin, mutane suka jikkata, aka kuma bayyana cewa tukunyar haɗin bakin titi ce. Araha ba ta ado.

Kada ki ce na tsaya ina kare kanikawa. Na san dalilin da ya sa maza da yawa, har da mata masu tuƙi, suke son taɓa abinsu da kansu. Kuɗin gyara ya yi tsada, wani bakaniken zai canza maka abin da lafiyarsa lau, a je Ƙofar Ruwa ko Panteka a haɗo ka da jabu. Wani ma shi zai ba da shawarar a cire ɗan ƙarfen da ke tare ruwa har inji ya ɗumama, wai na ƙasar sanyi ne, a ƙarshe mota ta dinga zuƙar mai a banza. Sannan wa ya taɓa iya abu ba tare da ya ɓata ba? Wace ce a cikinmu aka haifa da iya tuƙa tuwo babu gudaji?

Ni dai a nawa ɗan tunanin, ga inda iyakar take. Koyo halal ne, kuskure ma dole ne, amma kafin mutum ya sa hannu ya tambayi kansa: in na ɓata, wa zai biya? Miya in gishiri ya zarce a zubar a sake wata. Birki in ya ƙi ci a bakin makarantar firamare fa? Shi ya sa yaron gareji yake shekara yana wanke noti da miƙa sifana kafin ubangidansa ya bar shi ya taɓa inji. Kuma motocin yanzu ba irin Fijo 504 ɗin da aka riƙa haɗawa a Kaduna ba ne, wadda direba ke daidaita kafireto da kunne. Na yanzu kwamfuta ce ke tafi da su, in an yi musu ka-ci-ka-ci sai a yi gyaran gangar Auzinawa.

Saboda haka mai koyo ya fara da abin da ba ya kisa. Ya iya duba mai da ruwa da safe inji na sanyi, ya iya auna iskar taya, ya iya canza ta, ya ɗaure notinta ɗaya nan ɗaya can ƙetare har su zauna daidai. Ke ma 'yar uwa za ki iya karanta shekarun taya: akwai lamba huɗu a gefenta, in kin ga 2319, an yi ta ne a mako na 23 na 2019. Amma birki, sitiyari, wayoyin wuta da tukunyar gas, waɗannan a kai wa wanda ya sani, a tsaya a kansa ana kallo ana tambaya. Matambayi ba ya ɓata.

Saura ke uwargida, shin ki yi magana ko ki ja bakinki? Ni na ce ki yi, domin abin da zai ɗauki 'ya'yanki kina da haƙƙi a kansa. Sai dai ki san lokaci. Ba yana tsugune gumi na zuba, maƙwabta na kallo, za ki ce masa bai iya ba, nan ko ya san gaskiya girman kai ba zai bar shi ya sauko ba. Ki bari ya yi wanka ya ci abinci, ki ce, "Baban Ummi, wallahi birkin nan hankalina bai kwanta da shi ba, don Allah a kai a duba ko don yara." Namijin da ya iya cewa wannan ya fi ƙarfina bai ragu da komai ba a idona, sai ma ƙaruwa.

Mota kayan mai ita ce, babu musu. Amma rayukan da ke cikinta da waɗanda ke kan titi ba da su aka yi cinikin ba, amana ce aka ɗora masa. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya kai mu gidajenmu lafiya, amin.